Rasuwar Verna a Gadar Rafin Antelope

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hannun dama a naɗe cikin bandeji, ni Wendell Kubik, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mazaunin gida na ƙarshe a titin tsakuwa da ke arewa da garin Halvern a jihar Nebraska, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motata Verna. Ta cika ranar Talatar da ta gabata, da misalin ƙarfe uku da kwata na rana, a kan gadar siminti ta Rafin Antelope, tana da shekara hamsin da biyar a duniya, bayan gajeriyar jinya wadda ba ta kai minti ashirin ba. A gabana ta cika, kuma ƙafata ce a kan totur ɗinta har injinta ya ɗauke. Matata Lavonne ce ke rubuta wannan sanarwa, ni ina faɗa mata, domin hannuna bai fara riƙe alƙalami ba tukuna. Na ga ya kamata a rubuta ne saboda labarin ya riga ya zaga shagon kofi na Halvern, kuma kowa da irin yadda yake ba da shi.

An haifi marigayiya a Detroit a shekarar 1969. Ƙofa biyu gare ta, da giya huɗu na hannu, da inji mai silinda takwas wanda idan ka buɗe bonet sai ka rasa inda za ka zura hannu. Ban san komai game da ƙuruciyarta ba. Na same ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce a bayan wani rumbun ciyawa kusa da garin Broken Bow, tayoyinta sun nutse cikin yashi, ɓeraye sun haihu a kujerar baya har sun ga jikoki, tsatsa ta cinye ƙasanta ta yadda in ka shiga ciki ƙafarka a kan ciyawa za ta sauka. Amma lambar da ke jikin injin ita ce lambar da ke jikin motar. Injin da aka haife ta da shi ke nan, ba a taɓa raba su ba. Na jawo ta gida a tirela, na raɗa mata sunan gwaggona Verna, wadda idan ta kira mutane cin abincin rana ana jin ta daga gona ta uku.

Tun daga ranar muke tare a gareji. Na yanke ruɓaɓɓen ƙarfe na yi mata waldar sabo. Shekara biyu na yi ina neman fitilar baya ta hagu, har na same ta wajen wani tsoho a Kansas, wanda sai da na ci abinci da shi na saurari labarin tiyatar gwiwarsa tun daga farko kafin ya yarda ya sake ta. Sau uku ina fesa mata fenti kafin koren ya fito yadda nake so, kore mai duhu irin na ganyen masara bayan an ɗauke ruwa. A shekara ta huɗu injin ya fara tashi, yana hayaƙi yana tari, amma yana tashi. Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa ƙorafin sanyi ko na jira ba. Hali ɗaya gare ta: ba ta son a tashe ta da gaggawa. Sai ka taka totur sau biyu, ka dakata, sannan ka murɗa makulli. Ta yi kir-kir-kir, ta yi tari biyu, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta kama daga can ƙasa, ɓul-ɓul-ɓul-ɓul, har kofunan Lavonne su fara rawa a cikin kabad.

Gaskiya ta tilasta mini in faɗi cewa ba kowa ne ya ƙaunaci marigayiya ba. Maƙwabciyarmu Misis Opal Lindahl, wadda filin ciyawa ne kawai ya raba gidanta da namu, shekararta tamanin da ɗaya. Ita ta koyar da ni a aji huɗu, kuma har yau da nake da sittin da huɗu cikakken sunana take kira, kamar tana kiran rajista. Bakinta bai taɓa furta sunan Verna ba, "tarkacen nan" take cewa. Ta ce ƙararta ta hana kajinta yin ƙwai. Sau biyu tana kira mini ɗan sanda, shi kuwa duk zuwansa sai ya leƙa ƙarƙashin bonet ya yi ta tambayoyi, ya sha kofi ya tafi, abin da ya ƙara ɓata mata rai. Bara a ƙofar coci ta gaya wa Lavonne tana roƙon Allah ya nuna mata ranar da za a kwashe tarkacen. Daga nan gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa, wata rana ma hannun ba ya ɗaguwa.

Ga asalin jinyar. A watan Maris ni da abokina Orval Teague, bakaniken Halvern, muka sauke injin gaba ɗaya, muka warware shi, muka sa sababbin fistin da ringi, muka mayar da komai mazauninsa. Ranar uku ga Agusta ta tashi, babu hayaƙi ko ɗigo. Sabon inji kuwa kamar mai jego yake. Mil ɗari biyar na farko lallaɓa shi ake yi, ba a wuce gudun mil hamsin, ba a taka shi da ƙarfi, har ƙarafan su saba da juna. Mil sittin da biyu kacal muka yi. Ranar Litinin na lura idan ta ɗauki zafi allurar da ke nuna ƙarfin baƙin mai tana sauka ƙasa da inda ya kamata, kuma daga can ƙasan injin wani ɗan sauti yana fitowa, tik-tik-tik, wanda ba ya cikin muryar da na san ta da ita. Na kira Orval na kara masa wayar ya ji da kunnensa. Ya ce kada in kuskura in fitar da ita ko da bakin ƙofa ne, in bari ranar Asabar ya zo mu buɗe ƙasanta mu duba. Na ce to.

Ranar Talata Lavonne ta ɗauki a-kori-kurarmu ta tafi North Platte wajen likitan haƙori. Ban fitar da Verna ba, amma na kasa zama. Bayan abincin rana na tashe ta a cikin gareji, na cire murfin da ke kan kafireto ina daidaita shi, ina kara sukudireba tsakanin injin da kunnena ko zan gane inda sautin ke fitowa. Ina cikin haka na hango Misis Lindahl ta ƙofar gareji, ta ratso filin da sandarta, tana ɗago mini hannu.

Abin da ya biyo baya Lavonne ta ce ba dole ne a rubuta shi ba. Na ce a rubuta. Na ɗauka faɗa ta zo yi. Na juya mata baya, na sunkuya cikin injin, na ja wayar totur da hannu sau uku, Verna ta yi ruri har kwanon garejin ya amsa. Na ci gaba da aikina kamar ban ga kowa ba. Minti biyu ne ko uku, tun ranar nake auna shi ban tsaya a kan amsa ɗaya ba. Da na ɗago ban gan ta a tsaye ba. Tana durƙushe a bakin ƙofar shingenmu, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu.

Da na isa gare ta da ƙyar na gane fuskarta. Idanunta sun kumbura sun kusa rufewa, leɓenta ya ninka biyu, wuyanta ya yi ja har cikin riga. Kalma ɗaya ta iya fitarwa: zirnako. Daga baya na ji sauran. Ta je kwasar ƙwai ta taɓa gidansu a bayan ƙofar akurkin, suka harbe ta a wuya da hannu wuri bakwai. Ta daɗe da sanin jininta ba ya ɗaukar dafinsu, tana da allurar kashe dafi guda a kicin, ta soka wa kanta a cinya, amma allurar ta shekara takwas a aljihun tebur. Ƙarfin da ta ba ta bai wuce na ratso filin ba. Ta so ta kira waya, idon ya ƙi ganin lambobi.

Na ruga gareji na kira lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta ce motar asibiti za ta taso daga Halvern yanzu, amma tsakaninmu mil arba'in da ɗaya ne. Ta tambaya ko numfashinta na fito da ƙara. Na ce kamar usur. Sai ta ce in ina da mota kada in jira, in ɗauko ta mu haɗu da su a hanya. Tamu tana North Platte. Ta Misis Lindahl kuwa 'yarta ta sayar da ita tun hunturun bara da idon tsohuwar ya yi rauni. Gida mafi kusa bayan namu mil tara ne. Na ajiye wayar na juya. Verna na nan inda na bar ta, tana ɓul-ɓul-ɓul, tik-tik ɗin nan yana bin bayan muryarta.

Na rufe bonet ko murfin kafireto ban mayar ba. Na fito da ita da baya har bakin shinge, na ciccibi Misis Lindahl, ba ta fi buhun abincin kaji nauyi ba. Da ta gane inda zan sa ta sai ta dafe ƙofar, ta ce da muryar da ba ta fi raɗa ba, "Ba zan shiga tarkacen nan ba."

Na ce, "Ki kai ƙarata gobe, Misis Lindahl." Na cire hannunta daga ƙofar, na zaunar da ita, na ɗaura mata bel.

Mil shida na farko tsakuwa ne. Na riƙe Verna a hamsin da biyar, bayanta na wutsil-wutsil a kowace kwana, duwatsu na dukan fentin da na fesa sau uku, ina jin kowane ɗaya a haƙorina. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a allurar baƙin mai. Allurar ta tsaya a tsakiya, ta ɗan sauka, ta tsaya. Na ce a raina watakila za mu sha. Muka tsallake ƙarafan da ke hana shanu fita, muka hau kwalta.

A nan ne na yi lissafin da har yanzu yake dawo mini. In na riƙe ta a hamsin yadda sabon inji ke buƙata, za mu haɗu da motar asibiti bayan kamar minti ashirin da wani abu, kuma Verna za ta kai Asabar. Na dubi Misis Lindahl. Kanta ya jingina da gilashi, usur ɗin ya ƙara siriri, tsakanin numfashi da numfashi sai na ƙirga uku. Leɓenta ya fara komawa launin toka. Na sauke giya zuwa na uku, na taka totur har ya taɓa ƙasa.

Shekara goma sha ɗaya nake jiran in ji wannan muryar, kuma sau ɗaya na ji ta. Ba ɓul-ɓul ba ce. Wani ruri ne mai faɗi da ya taso daga ƙarƙashin kujera ya cika motar, kafireton da ba murfi yana zuƙar iska kamar zai haɗiye bonet, bayana ya manne da kujera. Saba'in, tamanin da biyar, na sa na huɗu, casa'in da biyar, ɗari. Ba ta karkata ko taku ɗaya ba. Ina so wannan ya shiga tarihinta: a gudun mil ɗari da biyar marigayiya ta riƙe hanya kamar an ɗora ta a kan dogo.

Tsorona kada tsohuwar ta yi barci. Na kira sunanta ba ta amsa ba. Na rasa abin da zan ce wa matar da na yi shekara ban gaisa da ita ba, sai na ɗaga murya sama da ta injin na ce, "Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu."

Kanta ya ɗan motsa. "Da shida," in ji ta.

"Tara sau tara, tamanin cif."

"Da ɗaya, Wendell Kubik."

Haka muka yi ta yi, ina kuskure tana gyarawa, wani lokaci da baki, wani lokaci da yatsa a kan gwiwarta. A mil na goma sha uku tik-tik ya koma ƙwan-ƙwan, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Allurar baƙin mai ta sauka kwata. Ta zafi ta fara hawa. Na san abin da ke faruwa a ciki dalla-dalla, domin da hannuna na ɗaure kowane noti: ƙarfe ne ke cin ƙarfe, man ba ya isa inda ya kamata. Ko a lokacin da na ɗaga ƙafa da ta rayu, ko da za ta yi shekara a kwance.

A kan hawan tudu na biyu muka tarar da tirelar shanu tana jan jiki a arba'in. Layin tsakiya biyu ne, alamar an hana wuce wata mota, ba a ganin abin da ke bayan tudun. Na danna hon, mai tirelar bai ji ba ko bai ga inda zai matsa ba. Na ce, "Shida sau bakwai, arba'in." Shiru. Na maimaita. Yatsan bai motsa ba. Na fita hannun da ba nawa ba. Tirelar doguwa ce, na ga idanun shanu ɗaya bayan ɗaya ta ramukan ƙarfen, na ga kan tudun yana matsowa babu abin da zan iya yi in wani ya ɓullo. Ba wanda ya ɓullo. Muka koma hannunmu daidai kan tudun, allurar baƙin mai kuma ta kwanta a sifili.

Verna ta ƙara mil huɗu a haka. Ban san da me ta yi su ba, Orval ma ya ce bai sani ba. A mil na ashirin da uku, muna kan tudun ƙarshe kafin gangaren rafi, sai na ji dam, kamar an harba bindiga a ƙarƙashin ƙafata. Wani ƙarfe daga cikin injin ya fasa cikinsa ya fito. Baƙin mai ya wanke gilashi, rurin ya ɗauke ɗif. Na taka kuloci don kada tayoyin baya su daskare, muka ci gaba da gangarawa ba inji, sai ƙarar iska da ta taya. Na leƙa kai ta taga don in ga hanya, sai na ga wuta tana lasar gefen bonet. Man ya zuba a kan salansa mai zafi.

Duk wanda ke zaune a ƙasarmu ya san yadda ciyawa take a Agustan bana. Rabonmu da ruwa tun Yuni, iska kuma tana kaɗawa daga kudu. In na tsaya a gefen hanya na fitar da tsohuwar, kafin in ajiye ta wutar ta kama ciyawa, kuma ba za ta tsaya ba sai ta cinye gonaki da shanu da ciyawar hunturun gida goma, har da namu, ta kuma rutsa da mu biyun a tsakiya. Gada tana can ƙasa, mil ɗaya da ɗan wani abu: siminti ne sama, ruwa ne ƙasa. In kuma na ci gaba, da wuta nake tafiya, da mace a ɗaure a kujera. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan sitiyari. Ban taka birki ba. Ina jin zafin yana hawa takalmina, ina ƙirga sandunan shinge, ina roƙon Verna da sunanta, a fili, kamar yadda ake roƙon mutum.

Ta kai mu. A tsakiyar gadar na tsayar da ita, kuma a daidai lokacin na hango jar fitilar motar asibiti tana sauko tudun da ke hayi. Na zagaya na kwance bel, na jawo Misis Lindahl ta hammata har ƙarshen gadar, dugaduganta na jan siminti, takalminta ɗaya ya cire. Ban ji usur ɗin ba kuma. Da na waiga sai na ga Verna tana motsi. Gadar tana da ɗan gangare, ta fara silalowa a hankali zuwa bakin da ciyawa take. Na koma da gudu, na zura hannu ta taga, na kama sitiyarin na murɗa shi iyakar ƙarfina. Robar ta riga ta fara narkewa. Verna ta karkata ta jingina hancinta da bangon gadar, ta tsaya. A nan hannuna ya samu abin da ya samu.

A Halvern 'yan sa-kai ne ke fita da motar asibiti, kuma ranar Talata Orval ne direba, tare da nas Corinne Batt. Corinne ta durƙusa kan tsohuwar ta soka mata allura ta cikin siket, ta ɗora mata robar numfashi tana matsawa. Orval ya diro da tukunyar kashe gobara a hannu. A lokacin wutar ba ta wuce gaban motar ba, da za a iya ceton kujeru da ƙofofi da bayanta duka. Corinne ta ce, ba tare da ta ɗago ba, tana buƙatar mutum biyu su ɗora gadon yanzu, kuma tana buƙatar direba. Orval ya tsaya tsakaninmu da motar, yana duban injin da muka yi wata biyar muna haɗawa, sannan ya dube ni.

Na ce, "Ajiye, Orval. Kama can."

Muka ɗora ta, suka juya, suka tafi. Ya bar mini tukunyar, amma da hannu ɗaya na kasa zare fil ɗinta sai da wutar ta riga ta shiga ciki, kuma abin da ke cikinta a bakin gada na ƙarar da shi, inda tartsatsi ke sauka a ciyawa. Mai tirelar shanu ya iso ya taya ni da bargon doki, muna tattaka duk inda ya yi hayaƙi, har motar kashe gobara ta zo bayan minti ashirin da biyar. Ko taku goma na ciyawa bai ƙone ba. A tsakanin nan na ga koren ya yi ƙuraje ya koma baƙi, gilashin ya tarwatse, tayoyin suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Can wayoyinta suka narke suka haɗu, hon ɗinta ya kama da kansa, ƙara ɗaya doguwa, ta yi ta raguwa tana dishewa har ta ɗauke. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Misis Lindahl ta kwana biyu a asibitin North Platte da na'ura tana yi mata numfashi. Likitan ya gaya wa 'yarta cewa da an ƙara minti biyar da wani zance ake yi. Ni kuwa ba minti biyar ɗin nake tunani ba, biyun nan ko ukun na gareji nake tunani. Ranar Alhamis da yamma aka cire mata na'urar, Lavonne ta kai ni. Na tsaya a ƙarshen gadon da hulata a hannun hagu, na gaya mata cewa na gan ta tana zuwa, na juya baya da gangan, na taka mata ƙara.

Ta daɗe tana dubana da idon da bai gama sacewa ba. Ta ce, "Na gan ka. Tun kana aji huɗu haka kake yi in ba ka son jin magana." Sannan ta tambayi motar. Na gaya mata komai, har da hon ɗin. Ta juya kai wajen taga. Can ta ce, "Kujerarta tana da daɗin zama."

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai kula da ita. Ta bar Lavonne, wadda ta yi hunturu goma sha ɗaya tana kankare ƙanƙara daga gilashin motarta a waje saboda babu wuri a gareji, kuma ta ce in rubuta cewa ta yi kuka, ko da yake ita ke rubutawa. Ta bar Orval, wanda tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba, kuma ina so ya karanta a nan cewa ba laifinsa ba ne, ya gaya mini gaskiya tun Litinin. Ta bar murfin kafireto a kan benci, shi kaɗai ne sashen jikinta da wuta ba ta taɓa ba, da makulli na biyu, da rabin gwangwanin koren fenti, da tabon baƙin mai a simintin gareji wanda na hana a wanke.

Gawar tana harabar garejin Orval a ƙarƙashin tamfol, kuma iyali na roƙon kada a ɗaga shi don ɗaukar hoto. Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Ƙarfe goma na safe janwe zai ɗauke ta, a bi da ita babban titin Halvern a hankali, a wuce ta gaban coci zuwa filin tsofaffin ƙarafa da ke bayan rumbun hatsi. Masu tsofaffin motoci za su iya bin baya da fitilu a kunne. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a zauren 'yan kwana-kwana, akwai kofi da kolachi, burodin nan mai zaƙi da Lavonne za ta gasa. Ba a buƙatar furanni. Wanda yake son yin wani abu, ya duba kwanan watan da ke jikin allurar da ke aljihun teburinsa ko na tsohuwarsa. Wanda kuma ya san inda wata mota irinta take a bayan wani rumbu, ya riƙe labarinsa sai bayan Kirsimeti.

Ina neman afuwar masu zuwa, domin ba zan tsaya ganin an sa ta a na'urar matse ƙarafa ba, kuma ba za a same ni a zauren ba bayan ƙarfe goma sha biyu. Ƙarfe biyu za a sallami Misis Lindahl. 'Yarta ta ce za ta ɗauko ta, ta ce a'a, Wendell Kubik ne zai zo. Lavonne za ta ja a-kori-kura, ni ina gefe da hannuna a ƙirji, kuma ta riga ta aiko da sharaɗi ta bakin nas: daga ƙofar asibiti har ƙofar gidanta, kada allurar gudu ta wuce arba'in.